Taki ko Saiwa: Tarihin Bakteriyar da ke Sa Shuka Girma

Tun kafin a san akwai wata halitta mai suna bakteriya, manoma sun san cewa gonar da aka noma wake a cikinta bana takan fi yin hatsi baɗi. Theophrastus, masanin tsirrai na ƙasar Girka da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa wake yana farfaɗo da ƙasa. Marubutan Rumawa irin su Columella sun ba da shawarar a shuka dangin wake a binne shi ɗanye ya zama taki, kuma littafin noma na Jia Sixie na ƙasar Sin, a ƙarni na 6 miladiyya, ya faɗi kusan haka. A ƙasar Hausa, haɗa gero da wake a gona ɗaya da barin gawo a tsakiyar gona tsohuwar al'ada ce. Ita ba a littafi ta zo ba, abin da ake cewa shi ne an gaje ta kaka da kakanni. Duk waɗannan mutane sun ga amfanin da idonsu, dalilin ne ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa.

A 1679 Marcello Malpighi na Italiya ya zana 'yan ƙullutun nan da ke jikin saiwar wake, ya ɗauka ƙwari ne suka haddasa su. A 1772 aka gano naitrojin, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Daga baya aka gane babu tsiron da zai yi ganye kore shar in ba shi, alhali tsiro ba ya iya ɗibarsa kai tsaye daga iska. A 1838 Jean-Baptiste Boussingault, a gonarsa ta Bechelbronn a yankin Alsace, ya auna ya ga dangin wake suna samun ƙarin naitrojin, alkama kuwa ba ta samu. Manyan masana suka yi ta gardama. A Rothamsted ta Ingila, Lawes da Gilbert da Pugh suka sake gwajin, suka wallafa a 1861 cewa ba su ga ƙarin komai ba. Da tsanaki suka yi aikinsu, tsanakin ne ma ya ɓatar da su: sun ƙona ƙasar gwajin don ta tsarkaka, wuta ta kashe ma'aikatan da ake nema.

Gardamar ta mutu a watan Satumban 1886, a wani taron masana a Berlin. Hermann Hellriegel, wanda ya yi aikin tare da Hermann Wilfarth, ya nuna cewa dangin wake da aka shuka a yashi tsarkakakke yakan yi rawaya ya tsumbure, amma da an zuba masa ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar gona a ciki, sai ƙullutu ya fito a saiwa, tsiron ya miƙe ba tare da taki ba. Dangin hatsi kuwa wannan ruwa bai yi musu komai ba. A 1888 Martinus Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar da ke cikin ƙullutun, a 1889 aka raɗa mata suna Rhizobium. Zaman da ke tsakaninta da wake irin na makiyayi ne da manomi bayan girbi: shanu su ci kara, gona ta sami taki. Tsiro yana ba ta sukari da mafaka, ita kuma ta kama naitrojin daga iska ta miƙa masa. Kafin ƙarnin ya ƙare har an shiga kasuwa da ita, domin a 1896 Nobbe da Hiltner na Jamus suka yi rajistar wani haɗi da ake cuɗa iri da shi, mai suna Nitragin.

Sai kuma aka gano akwai masu kama naitrojin da ba su buƙatar ƙullutu. Sergei Winogradsky ya ware wata bakteriya mai suna Clostridium daga ƙasa a 1893, Beijerinck ya kawo Azotobacter a 1901. Daga nan wani zato ya kafu a zukatan masana, wanda ya kai shekara saba'in bai kau ba: in aka sa wa shuka bakteriya mai kama naitrojin, aka ga shukar ta ƙara girma, to naitrojin ne ya yi aikin. Zaton yana da kamar gaskiya, shi ya sa ya daɗe.

A daidai wannan zamani wasu masanan na can suna bin wata tambaya da babu wanda ya ga alaƙarta da ƙasa. A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka wallafa cewa ƙaramin tsiron ciyawa yana lanƙwasawa wajen haske, amma in aka rufe tsininsa ba ya lanƙwasawa, ko da jikinsa na cikin hasken. Wato tsini ne ke gani, yana aika saƙo ƙasa. Peter Boysen-Jensen na Denmark ya nuna saƙon wani abu ne da ke ratsa danshi. Frits Went, ɗalibi a Utrecht, shi ya kama abin a cikin ɗan curin agar, wani abu mai kama da jeli. Ana ba da labari, kuma daga bakinsa labarin ya fito, cewa da rana yana aikin soja na dole, da dare yana gwaji, kuma da ƙarfe uku na dare a watan Afrilun 1926 ya ga tsiron ya lanƙwasa. Abin da ke rubuce shi ne kundinsa da aka buga a 1928. A 1931 Fritz Kögl da Arie Haagen-Smit suka sa wa wannan sinadarin girma suna oksin.

Neman ainihinsa bai tafi sumul ba. Ɗakin gwaje-gwajen Kögl ya sanar da wasu sinadarai biyu, oksin a da oksin b, aka yi ta koyar da su. Da aka sake bincika ragowar samfuransu a 1966, sai aka tarar wasu abubuwa ne daban. Ana zargin wata mataimakiyarsa ce ta yi almundahana, amma wannan zargi ne, ba hukunci ba. Na ukun da suka samo a 1934 daga fitsarin mutum, wanda suka ɗauka ɗan rakiya ne kawai, shi ne ya zama na gaske: asid ɗin indol-asetik, wanda ake taƙaitawa IAA.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. An sami IAA a cikin yis a 1934. Kenneth Thimann ya same shi a fumfunar Rhizopus a 1935. Ba a tace shi daga jikin tsiro sosai ba sai a 1946, daga ɗanyar masara. Haka ma jibaralin, sinadarin da ke sa kara tsawo: Eiichi Kurosawa ya fara gano aikinsa a 1926 a tsibirin Taiwan, yana binciken wata cuta da ke sa shinkafa ta yi tsawo fiye da ƙima ta faɗi, kuma fumfuna ce ke yin sa. Ke nan tun da wuri an ga sinadaran girman tsiro a hannun ƙananan halittu. Da an lura da wannan da kyau, da an rage shekarun ɓata.

Thimann ne ya fara haɗa hanyoyin biyu. A 1936 ya nuna cewa ƙullutun saiwar dangin wake cike yake da oksin, ya kuma kawo ra'ayin cewa oksin da Rhizobium ke yi ne ke kumbura saiwa har ƙullutu ya fito. An ji shi, amma hankalin masu noma yana kan taki. Masana'antar Haber da Bosch ta fara fitar da takin naitrojin a Oppau tun 1913, kuma burin kowa shi ne bakteriyar da za ta yi wa alkama da masara abin da Rhizobium ke yi wa wake, kyauta.

Tarayyar Sobiyet ce ta gwada wannan buri a fili mafi faɗi. Daga shekarun 1930 aka fara haɗa azotobakterin, wato haɗin Azotobacter, ana cuɗa iri da shi, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 an sa shi a miliyoyin hekta. A wasu gonaki an ga ƙari, a wasu da yawa ba a ga komai ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne an fi ganin amfanin a kayan lambu, a ƙasa mai taki da yawa, inda babu yunwar naitrojin. Lissafi ma bai goyi bayan zaton ba. Azotobacter tana kama miligiram 10 zuwa 20 na naitrojin ne a kan kowane giram ɗaya na sukari da ta ci, wato sai ta cinye kilo 50 zuwa 100 kafin a sami kilo ɗaya. Saiwa ba ta zubar da abinci mai yawan haka, kuma akwai dubban wasu halittu da ke wawarsa. Ɗan abin da ta kama ɗin ma a jikinta take ajiyewa, sai ta mutu tsiro ya samu.

Margaret Brown ta Rothamsted ce ta bi wannan sawu da haƙuri. A 1968 ita da Susan Burlingham suka nuna cewa ruwan da aka raini Azotobacter chroococcum a ciki yana ɗauke da oksin da wani abu mai aikin jibaralin, kuma tumatir da aka sa wa bakteriyar yana sauya kama kamar wanda aka ɗiga wa sinadarin girma. Amsar kenan, an faɗe ta a fili. Sai dai ta fito a lokacin da takin zamani ke da araha, ba ta dami kowa ba.

Rikicin man fetur na 1973 ya sauya lissafi. Da makamashi mai yawa ake yin takin naitrojin, saboda haka farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, duniya ta juya tana neman mafita. A nan sunan Johanna Döbereiner ya fito. An haife ta a 1924 a ƙasar Cekoslobakiya, ta yi karatun aikin gona a Munich, ta isa Burazil a 1950, ta zauna a cibiyar bincike ta Seropédica kusa da Rio de Janeiro har rasuwarta a 2000. Ita ce ta dage a shekarun 1960 cewa noman waken suya na Burazil ya dogara da bakteriya maimakon taki, shawarar da har yau take tsimi wa ƙasar biliyoyin daloli duk shekara. Amma abin da ke ranta shi ne ciyawa: me ya sa wasu ciyayin Burazil ke zama kore shekara da shekaru babu mai sa musu taki? A 1966 ta bayyana Azotobacter paspali a saiwar wata ciyawa. A tsakiyar shekarun 1970, ita da John Day suka samo wata bakteriya mai siffar murɗe a saiwar ciyawar Digitaria, sannan a masara. Ashe Beijerinck ya taɓa bayyana ta a 1925, aka manta da ita. A 1978 aka ba ta sabon suna Azospirillum, mai jinsi biyu, brasilense da lipoferum.

Murna ta yi yawa, alƙawura suka fi ta yawa. An yi ta maganar masarar da za ta ciyar da kanta. Wani ɓangare na kuskuren daga ma'auni ya fito. A lokacin ana auna kama naitrojin ne da gwajin iskar asetilin, kuma akan yanke saiwa a ajiye ta ta kwana kafin a auna. A cikin wannan kwana bakteriya kan hayayyafa fiye da yadda take a gona, sai adadi ya kumbura. Da aka koma aunawa da naitrojin mai alama, wanda ake iya bin sawunsa har cikin ganye, sai aka ga abin da ke shiga jikin hatsi kaɗan ne ƙwarai. Kuma duk da haka shukar da aka sa wa bakteriyar takan fi ta kusa da ita kyau. Tun 1974 José Miguel Barea da Margaret Brown sun riga sun nuna cewa Azotobacter paspali ta Döbereiner ma sinadaran girma take yi.

Gwajin da ya juya akalar tarihin an yi shi ne a 1979 a Jami'ar Florida ta Amurka, kuma a kan gero aka yi shi, geron nan namu. Tien da Gaskins da Hubbell suka raini Azospirillum brasilense a cikin ruwa, suka sa mata tiriptofan, wani sinadari da saiwa ke fitarwa a cikin abin da take zubarwa. Bakteriyar ta mayar da shi IAA, kuma duk sa'ad da aka ƙara mata tiriptofan sai ta ƙara yawan abin da take yi. Suka kuma sami ɗan jibaralin, da wasu abubuwa masu aikin saitokainin, sinadarin da ke sa ƙwayoyin jikin tsiro rarrabuwa, wanda aka gano a 1955. Sannan suka shuka gero a ruwa, wani da bakteriya, wani babu. Geron da ke da bakteriya ya fitar da rassan saiwa masu yawa, kowane reshe lulluɓe da gashi. Sai suka ɗauki wani geron, ba su sa masa bakteriya ko ɗaya ba, suka ɗiga masa haɗin oksin da jibaralin da saitokainin tsantsa. Saiwarsa ta yi kama da ta farkon.

Wanda ya san gero ya san nauyin wannan. Gashin saiwa shi ne bakin tsiro, ta nan yake shan ruwa da gishirin ƙasa. Sinadarin fosfaras, alal misali, ba ya tafiya a cikin ƙasa, sai saiwa ta je inda yake. Tsiron da ya yi saiwa mai yawa tun yana ƙarami ya fi samun abin da ke ƙasar, ya kuma fi jure tsayawar ruwa. Ita ma bakteriyar ba sadaka take yi ba: yawan saiwa yawan abincin da ke zubo mata ne.

Saura hujjar da ba ta da kafar musu, kuma ilimin gado ne ya kawo ta. A 1986 Paola Barbieri da abokan aikinta a Italiya suka gwada alkama da Azospirillum da aka nakasa, wadda ba ta iya kama naitrojin ko kaɗan. Wadda ke yin IAA a cikinsu ta ƙara wa alkama saiwa kamar lafiyayya, wadda IAA ɗinta ya yi ƙaranci kuwa ba ta yi komai ba. A 1989 Yoav Bashan ya sami irin wannan sakamako a tumatir. A 1994 ɗakin gwaje-gwajen Jos Vanderleyden a Leuven ta Beljiyam ya ware ƙwayar gadon da ke riƙe da babbar hanyar yin IAA, mai suna ipdC. Da aka kashe ta, abin da bakteriyar ke yi ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma, kuma a 1999 Sofie Dobbelaere ta nuna cewa tasirinta a saiwar alkama ya ragu tare da shi. An kuma ga cewa abin yana da iyaka. In bakteriyar ta yi yawa, oksin ya wuce ƙima, saiwa takan gajarce ta tsuke. Akwai ma masu cutar da tsiro da wannan sinadari suke aiki, irin wadda ke sa itacen zaitun ƙari.

Shi kuwa ra'ayin Thimann na 1936, rabinsa ne ya tsira. A 1990 masana a Toulouse ta Faransa suka gano cewa Rhizobium wani saƙo na musamman take aikawa, ba oksin ba, kuma shi ke buɗe mata ƙofa. Binciken da ya biyo baya, har zuwa na 2007 a Kanada da Denmark, ya nuna cewa saƙon yana juya oksin da saitokainin na tsiron kansa su taru wuri ɗaya, daga nan ƙullutu ke tasowa. Ya yi daidai da ya ce sinadarin girma ne, bai dai gano na waye ba.

Kada kuma a ɗauka naitrojin ya fita daga labarin hatsi gaba ɗaya. A 1988 Döbereiner da Vladimir Cavalcante suka samo wata bakteriya da ke zaune a cikin jikin rake. Gwajin 2001 ya nuna cewa inda babu naitrojin, lafiyayyar ta fi nakasasshiyar taimakon rake, inda kuwa akwai taki dukansu biyu suna ƙara masa girma. Wato aiki biyu take yi. A Masar, Youssef Yanni da Frank Dazzo suka wallafa a 1997 cewa Rhizobium ta barsim, wata ciyawa dangin wake wadda manoman bakin Nilu ke karɓa-karɓa da shinkafa tun ƙarnuka, tana shiga saiwar shinkafar ta ƙara mata girma ba tare da ƙullutu ba. Bashan ya daɗe yana cewa ba hanya ɗaya ba ce, ƙananan hanyoyi ne da yawa ke haɗuwa, kuma ina ganin nan gaskiya ta fi karkata, ko da yake oksin ne ke gaba.

Da aka daina neman mu'ujiza, sai aka fara samun amfani. A 1994 Yaacov Okon na Isra'ila da Carlos Labandera-González na Uruguay suka tattara gwaje-gwajen gona na shekara 20, suka ga an yi nasara a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, da ƙarin amfanin gona na kashi 5 zuwa 30. Ajantina ta fara sayar da nata haɗin a shekarun 1990, kuma gwaji 297 a gonakin alkama na ƙasar ya ba da matsakaicin ƙari na kashi 8. A Burazil, Mariangela Hungria ta hukumar Embrapa, wadda ta taso a hannun Döbereiner, ta zaɓo nau'i biyu, Ab-V5 da Ab-V6, suka shiga kasuwa a 2009. Binciken da ta jagoranta ya nuna manomin masara zai iya rage kashi 25 na takin naitrojin da yake ƙarawa bayan shuka ta tashi ba tare da amfanin gonarsa ya ragu ba. Ana kuma haɗa Azospirillum da bakteriyar waken suya, domin yawan gashin saiwa yana ƙara yawan ƙullutu. A 2025 aka ba Hungria babbar Kyautar Abinci ta Duniya.

A dubi adadin nan da kyau: rubu'in taki, ba dukansa ba. Bakteriyar saiwa take ginawa, kuma saiwa ba ta samo abin da babu shi a ƙasa. A jigawar da ta gaji, wadda ba ta ga takin gida ko na zamani ba shekaru, yawan gashin saiwa ba zai cika rumbu ba. Inda nake ganin za ta yi rana shi ne tare da dabarar nan ta sa ɗan taki a ramin shuka, wadda cibiyar ICRISAT ta Sadoré kusa da Yamai ta yaɗa, domin a nan akwai abin da saiwar za ta tarar tun tana ƙarama.

A Najeriya, haɗin bakteriya da aka fi sani shi ne NoduMax na cibiyar IITA ta Ibadan, kuma na waken suya ne, aikinsa kama naitrojin a ƙullutu. Nijar da Najeriya kuwa suna cikin ƙasashen da suka fi noma gero a duniya, kuma gero ne tsiron da aka tabbatar da wannan ilimi a kansa tun 1979. Nau'in da aka zaɓo don jar ƙasar kudancin Burazil ba lallai ya jure zafin yashin Damagaram ko na Gumel ba, kuma abu ne mai rai, rana da doguwar ajiya a shago suna kashe shi. Aikin yana gaban Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri, da IAR ta Samaru, da INRAN ta Nijar: su ware bakteriya daga saiwar geronmu da dawarmu, su gwada ta a gonakin manoma damina bayan damina, su buga sakamakon ko mai daɗi ne ko marar daɗi. Kafin nan, duk wanda ya kawo wa manomi kwalba ya ce ta maye masa gurbin buhun yuriya, a tambaye shi inda aka gwada ta, a wace ƙasa, kuma shekara nawa.